Littafin Tara-da-Rabi da Tsinken Ashana

Mijin ƙanwata makanikin keken ɗinki ne. Tara-da-Rabi ake ce masa, saboda bel ɗin wani inji ya tafi da rabin manuniyarsa ta dama tun yana saurayi. Shi da bakinsa yake ba da labarin, kuma injin kullum ƙara girma yake yi. Shekarar da ya auri ƙanwata injin bai fi tebur ba. Bara da na ji yana ba wani baƙo labarin, ya kusa kai motar ɗaukar yashi.

Shagonsa a jikin nawa yake, bango ɗaya ya raba mu. Ni aikin ɗab'i nake yi: katin gayyata, rasit, kalanda, da duk abin da aka kawo. Shekara ashirin da shida ina shaƙar tawada, bayana ya sankare, kuma na daina sauraron alkawarin mutane. Wanda ya ce zai dawo gobe, na san sai dai in gan shi a hanya yana sauya tsallake.

Shagon nasa ɗaki ɗaya ne. Kawunan kekuna baƙaƙe jere a kan kanta kamar kaji sun hau katanga, gwangwanayen madara cike da noti, kwalbar man keke da aka huda murfinta, da benci mai gajeriyar ƙafa da ya tokare da tsohon feda. Kullum da tsinken ashana a gefen bakinsa, alhali bai taɓa shan taba ba. Aikinsa kuwa babu abin cewa. Tela zai shigo da keke a kafaɗa, ya juya hannun sau ɗaya, shi kuma yana can yana goge wani abu zai ce, "Allurarka a juye take, ɗauki kayanka ka tafi." Matsalarsa ɗaya, baki. In ya gyara keke cikin minti biyar, sai ya yi wa mai shi huɗubar minti arba'in.

Daga wannan huɗubar littafin ya fito. Ƙanwata ce ta gaji, ta ce, "Baban yara, tunda bakin nan ba ya hutawa, bari mu zuba shi a takarda ko ma samu mu ci abinci cikin shiru." Ya zauna yana faɗa tana rubutawa, har wata bakwai. Ita ce kuma ta yi zanen. Ba ta yi makarantar zane ba, saboda haka dabararta mai sauƙi ce: ta kifa hannunsa a kan takarda, riƙe da sukundireba ko allura, ta zagaye shi da fensir, sannan ta zana keken a gefe. Zane arba'in da ɗaya, kowanne da guntun yatsa.

Ni na buga. Shafi arba'in da takwas, kwafi ɗari biyar, sunansa Gyara Kekenka da Kanka. A nan laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Ya so a sa shafi guda a ciki mai ɗauke da sunansa da shekarar bugawa. Wannan shafin zai ja mini ƙarin takarda da ƙarin zagaye a inji. Na ce masa, "Suna a bango ya isa. Wane ɓarawo ne zai bar kaji da awaki ya zo satar littafin gyaran keke?" Ya ce, "Yaya, kai ka san aikinka." Aka buga, suna a bango kaɗai, babu shekara ko'ina.

Cikin shekara biyu ya sayar da kamar ɗari uku. Sauran suna ƙarƙashin gado a cikin kwali. Bai yi arziki ba, amma ya sa aka ƙara kalma ɗaya a allon shagonsa, ƙarƙashin MAKANIKI: MARUBUCI. Kowace safiya sai ya goge kalmar da tsumma kafin ya buɗe ƙofa. Makanikin kuwa ƙura ta rufe shi.

Ran nan wata tela ta zo karɓar kekenta, ta zaro wani littafi daga jaka ta ajiye masa a benci.

"Tara-da-Rabi, ashe kwafa ka yi? Ga na ainihi nan."

Littafi ne mai bango sumul yana ɗaukar ido. A gaba hoton wani mutum da kwat da tabarau, ya dafa keke da hannu ɗaya kamar zai ɗaura masa aure. Mun san shi. Mai wata makarantar koyon ɗinki ne a saman bene, Darakta yake sa a kira shi. An sauya suna zuwa Sirrin Keken Ɗinki a Sauƙaƙe. Ciki kuwa namu ne kalma da kalma, har da kuskuren da na yi a shafi na sha tara inda harafi ɗaya ya kife. Abin da ya ƙara guda ne: shafin da na hana. Ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga shekarar bugawa, kuma ya mayar da ita baya da shekara uku kafin tamu.

Tara-da-Rabi ya juya littafin gaba da baya. Tsinken ashanar ya daina motsi a bakinsa. Ya leƙo shagona ya ajiye mini shi a kan injin yanka takarda, ya juya ya koma nasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama kasuwa. Teloli mutane ne masu zama wuri ɗaya, ƙafa na aiki, baki na aiki. Aka sa masa sabon suna, Malam Kwafi. Wani ya zo da alli ya rubuta alamar tambaya a gaban MARUBUCI. Ba cinikin littafin ne ya dame shi ba, don dama ba wani ciniki. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne a ce shi ne ɓarawon abin da ya fito daga bakinsa.

Muka fara da Darakta. Muka hau benen, ga kekuna talatin a jere, ɗalibai manya da matan aure suna ta ɗinka takarda. Ya tarbe mu da fara'a, ya ba mu kujeru masu juyawa.

"Ranka ya daɗe," in ji Tara-da-Rabi, "wannan littafin nawa ne."

"Malam, ilimi ai ba shi da uba. Keke ɗaya ne a duniya, gyaransa ɗaya ne. In maganarmu ta zo ɗaya, sai mu gode wa Allah."

"To hannun fa?" Ya buɗe zane na farko, ya ɗora hannunsa a gefe. "Ƙirga yatsun nan. Yanzu ƙirga naka."

Darakta ya dubi zanen, ya dubi hannunsa mai yatsu biyar da zobe biyu. Ko gezau.

"Mai zanena ne fensirinsa ya ƙare a daidai nan."

"Sau arba'in da ɗaya?"

"Fensirin zamani, Malam. Ba su da ƙarko."

Muka sauko. Bayan wata ɗaya sabon bugu ya fito, an bi kowane zane da biro an ƙarasa yatsan. Wanda aka ba aikin da alama sauri yake, don a zane na sha biyu ya ƙara yatsa a inda ba a rasa ba, hannun ya tashi da shida.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda. Wanda ke kan kanta ya buɗe babban littafinsa, ya cire murfin biro.

"Me aka sata?"

"Littafina."

"Guda nawa?"

"Duka."

"An fasa shago ne ko gida?"

"Ba a fasa ko'ina ba."

"To yanzu littattafan suna ina?"

"Suna ƙarƙashin gadona."

Mutumin ya mayar da murfin biro a hankali. Ya dube ni, ya ce, "Kai ne babba. Ka kai shi gida ya huta."

Wani ya nuna mana ofishin da ke kula da haƙƙin masu rubutu. Hawa na uku, ƙarshen lungu, kusa da banɗaki. Muka sami wani dattijon ma'aikaci da fanka mai juya kai ba ta ba da iska. Wannan mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta cinye shi, na gane ta don irin tawa ce. Ya karanta littattafan biyu gefe da gefe, ya yi dariya a zane na sha biyu, sannan ya ce, "Ni na yarda naka ne. Amma yardata ba hujja ba ce. Nasa yana da shekara, naka babu. Ina ainihin rubutun hannu?"

Tara-da-Rabi ya juyo ya dube ni.

Littattafan rubutu huɗu ne ƙanwata ta cika. Bayan an gama bugawa sun zauna a shagona kusan shekara. Ranar da tsumma ya ƙare, da su na goge rolar inji. Takarda ce mai kyau, tana shan tawada.

"Yaya," ya ce, "kai kuma nawa Darakta ya ba ka?"

Dattijon ya ba mu fom mai shafi shida, ya ce mu cika, amma kada mu sa rai. Mota ɗaya gare su, kuma tana kan duwatsu a tsakar gida. Masu buga littattafan makaranta na jabu cikin tirela ma ba su gama da su ba, balle mai shafi arba'in da takwas.

Na ƙarshe lauya ne, wanda nake buga wa katin ofis. Ya duba ya ce zanen shi ne ƙarfinmu, tunda ga hannun a raye. Ya tambayi wanda ya zana. Da ya ji matar ce, sai ya ce to ita za ta tsaya a gaba. Ya ƙara da cewa shari'ar za ta iya cin shekara huɗu, kuma abin da za ta ci ya fi ƙarfin shagon da bencin da kwalin da ke ƙarƙashin gado. In an yi nasara, ƙila a ce Darakta ya daina. Kafin nan ya gama sayarwa.

Muka kai wa ƙanwata labari tana shanya. Ta cire abin maƙale kaya daga baki ta ce, "Ni? Kotu? Shekara huɗu? Ku maza biyu, ɗaya ya hana shafi, ɗaya ya kasa musu, sai ni zan je in yi ta rantsuwa a kan yatsa? Yaya, riƙe min bakin zanen gadon nan."

Na riƙe.

Bayan wannan Tara-da-Rabi ya bar maganar. Na ɗauka ya haƙura. Ya daina goge allon, ya daina huɗuba. Amma na lura duk ɗalibin makarantar Darakta da ya zo sayen allura, sai ya tambaye shi, "A gyaran keke, wane babi kuke yanzu?" A ce masa na uku. Ya gyaɗa kai. Bayan mako biyu, na huɗu. Ranar da wata ta ce masa sun shiga na shida, sai na ji shi ta bango yana fito. Rabona da jin fitonsa tun kafin littafin mai sheƙi ya zo.

Babi na shida shi ne saitin allura da kwarkwaro, wato daidaita su yadda bakin gidan kwarkwaro zai cafke zaren allura a kan lokaci. In saitin ya kauce, keke zai riƙa tsallake ɗinki yana tsinka zare. Darakta, don ya nuna makarantarsa ta aiki ce ba ta surutu ba, ya sa ɗalibai talatin suka kwance saitin kekuna talatin, suka mayar bisa littafi. A cikin talatin ɗin, babu wanda ya ƙara yin ɗinki miƙaƙƙe. A kasuwa ma haka, telolin da suka sayi mai sheƙi suka gwada, kekunansu suka koma tsallake kamar 'yan gada. Aka fara hawa benen da keke a kafaɗa. Darakta ya ce laifin na jabu ne da ke yawo a gari, wato namu.

Sai magana ta kai ga Uwar Teloli. Tsohuwa ce da ta fi shekara arba'in a kan feda, ita ke shugabancin ƙungiyarsu. Ba ta da tsawo, tana sa tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma ba ta ɗaga murya. Ta aika a kira su biyun ɗakin taron ƙungiya ranar da kasuwa ba ta ci sosai. Na rufe shago na bi su, ƙanwata ma ta zo.

Ɗakin ya cika har taga. A gaba tebur biyu, kowanne da keke da ƙyalle fari da baƙin zare.

"Ni ban iya shari'a ba," in ji Uwar Teloli. "Ɗinki na iya. Kekunan nan da hannuna na kwance saitinsu. Kowannenku ya ce shi ya rubuta. To za a karanta babi na shida, kowa ya bi abin da ya rubuta. Darakta, bisimilla, kai ne mai kwat."

Wani tela mai murya ya miƙe da littafin. "Kwance notin. Juya hannun keke har allura ta kai ƙarshen ƙasa. Daidaita bakin gidan kwarkwaro da allura. Ɗaure notin."

A ba Darakta haƙƙinsa, ya cire kwat, ya naɗe hannun riga, ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya. Ya hau feda. Keke ya ɗinka uku, ya tsallake biyar, ya ɗinka ɗaya, zare ya tsinke. Ya sake zura zare. Wannan karon ƙyallen ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Wani daga baya ya ce, "Sirrin kenan, a sauƙaƙe!" Aka fashe da dariya.

"Keken ne tsoho," in ji Darakta.

"Da shi na ɗinka rigar da ke jikina jiya," in ji Uwar Teloli. "Tara-da-Rabi, taso."

Ya taso yana tafiyar ango. Mai karatu ya sake karantawa. Ya kwance noti, ya kai allura ƙasa, ya sunkuya ya kare wurin da kafaɗarsa na ɗan lokaci, ya ɗaure. Ya hau feda. Keken ya tafi sumul, layi baƙi miƙaƙƙe daga wannan baki zuwa wancan. Ya juya ƙyallen ya yi da'ira, don rainin hankali. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Uwar Teloli ba ta tafa ba. Ta sauko da tabarau na goshi ta ɗora a kan na hanci.

"Ɗana, ina tsinken da ke bakinka?"

"Wane tsinke, Baba?"

"Wanda ka shigo da shi. Wanda yake bakinka tun ina kawo maka keke kana da gashi. Na ga ya fita daga baki, ya shiga cikin keke, ya koma aljihu. Mai karatu, duba mana inda aka ambaci ashana a babin nan."

Mai karatu ya bi da yatsa har ƙasa. "Babu, Baba."

Darakta ya yi tsalle ya miƙe. "Kun gani! Ba littafin ya bi ba, don bai san shi ba. Dabararsa ce ta makanikai. Wannan ba ya nuna shi ya rubuta."

"Gaskiyarka," in ji tsohuwa. Ta juya ga mijin ƙanwata. "To zaɓi. Ko dai littafin ba naka ba ne, kai dai gwani ne da ya san abin da marubuci bai sani ba, mu tafa maka ka koma shago da sunan Malam Kwafi. Ko kuwa naka ne, ka san da maganar ashana, ka ɓoye mana, ka karɓi kuɗinmu. Wanne ne?"

Tara-da-Rabi ya sauke ƙafa daga kan feda. Ya dubi taga. Ya dube ni, na ɗauke kai, don ni ma ban san da zancen ba, kuma ni na buga. Ya sosa ƙeya da guntun yatsan.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nawa ne. Akwai layi ɗaya tsakanin 'ƙarshen ƙasa' da 'daidaita'. Bayan allura ta kai ƙasa, sai ka ƙara juyawa kaɗan ta ɗago daidai kaurin tsinken ashana. A nan ake daidaitawa, ba a can ƙasa ba. Na cire shi."

"Don me?"

"To Baba, in na faɗi komai, wa zai ƙara zuwa shagona? Littafi ya kawo mutum bakin ƙofa, ƙofar kuma tawa ce."

Ɗakin ya kaure. Wata mata ta ce shi ya sa ta yi masa sawu uku a shekarar da ta sayi littafin. Wani ya ce a miƙo masa takalminsa ya jefe shi da shi. Darakta yana ta ɗaga murya cewa wannan ƙirƙira ce ta yanzu-yanzu, kowa zai iya cewa ya cire layi.

Sai ƙanwata ta miƙe. Ba a kira ta ba.

"Baba, a buɗe zane na ashirin da uku. Ba a namu ba, a nasa."

Aka buɗe na Darakta. Hannu ne a gefen allura, babban yatsa da manuniya sun matse kamar suna riƙe da wani abu siriri, amma tsakaninsu babu komai.

"Darakta," in ji Uwar Teloli, "mai zanenka me ya ba hannun nan ya riƙe?"

Ya kai littafin kusa da ido, ya nisanta shi. "Zare ne."

"Ina zaren?"

"Siriri ne ƙwarai."

"Ashana ce," in ji ƙanwata. "Ni na zana ta, shi ya sa ni na goge. Na ce masa Baban yara wannan ba kyau, ya ce in yi abin da aka sa ni. Ni kuma ban goge da ƙarfi ba. A ɗaga shafin a rana."

Aka kai shafin taga. Ga inuwar layi biyu sirara, da ɗan dunƙulen kai a ƙarshe, sun bi ta injina sun bi ta injin ɓarawo ba wanda ya lura. Tara-da-Rabi ya zaro tsinkensa daga aljihu, ya matse shi, ya kifa hannunsa a kan zanen. Ya zauna daram, in ban da ƙarin yatsan biro da ya leƙo ta sama kamar ƙaho.

Darakta ya ɗauki kwat ɗinsa. Ya ce yana da wani taro.

"Zauna," in ji tsohuwa. "Mu ba mu da gidan yari. Amma daga yau duk telan ƙungiyar nan da ke da littafinka zai yage bangon. Kai kuma ka cire shi daga tagar makarantarka. In ba haka ba, ɗalibanka su nemi inda za su yi koyon aiki, ba a shagunanmu ba." Ta juya. "Kai kuma marubuci. Littafi naka ne, mun shaida. Duk keken da babi na shida ya lalata, naka ne da na ɓarawonka, kai za ka gyara, kyauta. Har da talatin ɗin saman bene."

"Baba, har da nasa?"

"Shi ya saci littafi. Kai ka saci layi. Kowa da girman hannunsa."

Wata biyu ya yi yana gyaran kekuna ba ko sisi. Ya ƙirga saba'in da huɗu, yana rantsuwa cewa rabinsu ba su taɓa ganin babi na shida ba, teloli ne kawai suka ga banza ta faɗi. Darakta ya cire littafin daga taga. Ko haƙuri bai ba da ba. Direbobi sun ce suna ganin mai sheƙin a tashoshin wasu garuruwa, da hannu mai yatsa shida da komai. Fom ɗin nan mai shafi shida yana nan a ofishin hawa na uku. Na wuce kwanaki, motar tana kan duwatsunta.

Amma an goge alamar tambayar da ke allon, kuma wanda ya rubuta ta ne ya zo ya goge da hannun rigarsa.

Bugu na biyu ni na yi, ban karɓi komai ba, don ni ma ina da alhakin goge rola a wuyana. Wannan karon na sa sunansa da shekara a ƙasan kowane shafi, na kuma ratsa sunan ƙanwata a cikin kowane zane, ta tsakiyar hannun, yadda in za ka goge sai ka tafi da yatsu. Layin ashana ya koma wurinsa da manyan baƙaƙe. Mako uku da fitowarsa, mai injin kwafi na bakin kasuwa ya fara sayar da shi a rabin farashi, baƙi-baƙi, an ɗinke da waya. Tara-da-Rabi ya je ya sayo ɗaya. Ya zauna a bencinsa ya bi shafi arba'in da takwas ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙasa.

"Yaya, wannan ɓarawon mai tarbiyya ne," ya ce. "Ko'ina da sunana."

Na ce masa ko za mu koma hawa na uku. Ya ce gwiwarsa ba ta son bene.

Abu ɗaya ya rage. Lokacin da nake haɗa bugu na biyun, na karanta shi da idon da ban karanta na farko ba. A babi na tara, wajen gyaran haƙoran da ke jan ƙyalle, na ga zane na talatin da biyar. Hannun yana nan a kife, ƙaramin yatsa ya lanƙwashe kamar ya tokare wani abu. Ƙarƙashinsa babu komai. Na ɗaga shafin a rana. Wannan karon an goge da ƙarfi.

Na leƙa ta ƙofarsa da shafin a hannu. Yana zaune yana zuba wa wani keke mai, tsinke a gefen baki.

"Wannan fa?"

Ya ɗago, ya dubi shafin, ya mayar da tsinken ɗaya gefen.

"Yaya, kai ka san aikinka. Buga."